Kotun da ke Bayan Dutsen Zuma

Ruwan da aka tafka a Suleja a daren Laraba, 24 ga Afrilun 2024, ya ɗauki sa'o'i yana zuba. Kafin gari ya waye wani ɓangare na katangar gidan yarin garin ya zube, fursunoni 118 suka tsere, bisa ƙidayar farko da hukumar gidajen gyaran hali ta bayar. Da Ministan Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya zo duba ɓarnar, ya faɗi abin da mutanen gari suka daɗe da sani: tun 1914 aka gina gidan, mutum 250 aka yi wa shi, amma 499 ne a ciki daren da katangar ta faɗi.

An yi kwanaki ana maganar waɗanda suka gudu, nawa aka kamo, nawa suka rage. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce su wane ne cunkushe a ciki, kuma me ya ajiye su. A faɗin Najeriya, kusan biyu daga cikin kowane fursuna uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan yari ranar ziyara ya san danginsu: tsohuwa da kular tuwo ɗaure a ɗankwali, matashiya da goyo, gandiroba ya sa a ɗanɗani abincin kafin a shiga da shi. In ka ce, "Baba, yaushe za a shiga kotu?" sai ta ce maka fayil yana wurin lauyoyin gwamnati, ana jiran shawararsu. Bara ma abin da aka gaya mata ke nan.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu idan kotun na da nisa. Amma akwai wata hanya da aka saba bi: 'yan sanda su kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi da makami ko kisan kai, alhali kowa ya san majistare ba shi da hurumin sauraron irin wannan laifi. Shi kuma ya tura shi gidan yari kafin a shirya shari'ar a babbar kotu. Daga nan sai yadda hali ya yi.

Haka aka yi wa wani mai gyaran jikin mota a Legas, Sikiru Alade. An kama shi a watan Maris na 2003, a watan Mayu majistare ya tura shi kurkukun Kirikiri, shi ke nan aka manta da shi. Shekara 9 yana ciki, ba a taɓa yi masa shari'a ba. Wadda ta waiwaye shi a ƙarshe ba kotun Legas ba ce, ba kuma ta tarayya ba. Kotun ECOWAS ce. Ranar 11 ga Yunin 2012 ta ce tsarewar ta saɓa wa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, ta ba da umarnin a sake shi, a kuma biya shi diyya. Bayan 'yan watanni ya fito.

Wannan kotu a Abuja take. Daga Suleja, in Allah Ya tsare ka da cunkoson Madalla da Zuba, awa guda ta kai ka. Dubban mutanen garin nan suna wuce Dutsen Zuma kullum da asuba zuwa neman abinci a birnin, birnin da ya karɓi sunan garinsu da kaso mai yawa na ƙasar masarautarsu bayan dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya. Amma ka zaga Kasuwar IBB ka tambayi mutum goma ko sun san talaka zai iya kai ƙarar Gwamnatin Tarayya wannan kotu da sunansa, da wuya ka samu wanda zai ce eh. Wannan rashin sani shi ya fi damuna a duk al'amarin.

Ƙofar da ɗan kasuwa ya buɗe

Da farko ba don talaka aka yi kotun ba. An rattaba hannu kan yarjejeniyar kafa ta a 1991, aka rantsar da alƙalan farko a Janairun 2001, shugabarta ta farko kuma 'yar Najeriya ce daga Jihar Kaduna, Mai Shari'a Hansine Donli. Aikinta a lokacin shi ne raba gardama tsakanin gwamnatoci kan dokokin ƙungiyar. Gwamnatoci kuwa ba sa kai ƙarar juna, don haka alƙalan suka zauna babu aiki.

Ƙarar farko da ta shigo, ɗan kasuwa ne ya kawo ta. A watan Agustan 2003 Najeriya ta rufe iyakarta da Jamhuriyar Benin, wani mai suna Afolabi Olajide ya ce rufewar ta jawo masa asara, kuma ta saɓa wa 'yancin zirga-zirgar da ECOWAS ta yi alkawari. A 2004 kotun ta ce masa ba ta da ikon sauraron mutum ɗaya, sai gwamnatinsa ta shigar da ƙara a madadinsa. Wato Najeriya ta kai ƙarar Najeriya. Rashin ma'anar wannan ya fito fili har alƙalan da ƙungiyoyin lauyoyi suka matsa a gyara. A Janairun 2005, a Accra, shugabannin ƙasashen suka amince da ƙarin yarjejeniya wadda ta ba kotun hurumin sauraron ƙarar take haƙƙin ɗan Adam daga bakin duk wanda abin ya shafa.

Sun kuma bar wani abu da babu irinsa a manyan kotunan duniya masu wannan aiki. Kotun Turai da ke Strasbourg ba ta sauraronka sai ka ƙure kotunan ƙasarka tun daga ƙasa har ƙoli. A Najeriya wannan na iya cin shekara goma ko fiye, da dukiyar da mai ƙara bai mallaka ba. Kotun ECOWAS ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Abin da take nema shi ne mai ƙara ya bayyana sunansa, kuma kada maganar ta kasance tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa. Gwamnatin Yahya Jammeh ta Gambiya, bayan kotun ta kama ta da laifi kan ɓacewar ɗan jarida Ebrima Manneh, ta nemi a 2009 a toshe wannan ƙofa. Sauran ƙasashen ba su bi ta ba.

Akwai iyakoki da ya kamata mai niyya ya sani. Ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce, ba za ta sake duba shari'ar gado ko ta gona da alƙalin gari ya yanke ba. Ba a kai ƙarar mutum ko kamfani. Ƙasa ake kaiwa, don haka ko ɗan sanda ne a Suleja ya yi ɓarnar, ko jami'in gwamnatin jiha a Minna, sunan Tarayyar Najeriya ne zai hau takarda, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya ne za su zo kare ta. Da Turanci da Faransanci da Fotugis ake shari'ar. Hausa, wadda miliyoyin mutane ke yi daga Kano har Kumasi, sai ta bakin tafinta.

Daren Apo

In ana neman shari'ar da ta fi kusa da rayuwar mutanenmu, ta Apo ce. A wani kango da ba a gama gininsa ba, bayan rukunin gidajen 'yan majalisa na Apo, matasa da dama ke kwana, yawancinsu 'yan ci-rani daga Arewa, masu tuƙa Keke Napep da ƙananan sana'o'i. Irin rayuwar da kowa a Suleja ya sani ce: haya a Abuja ta fi ƙarfinka, ko dai ka dawo Madalla da Gauraka ka kwana, ko ka ba maigadin wani kango ɗan abin da ya samu ka shimfiɗa kwali, ka yi matashi da jakarka. Da tsakar daren 20 ga Satumban 2013 sojoji da jami'an tsaro na farin kaya suka dira wurin, suka buɗe wuta. Mutum 8 suka mutu, 11 suka jikkata.

Hukumar tsaron ta ce ta je tono makaman Boko Haram ne aka fara harbinta. A wancan lokaci wannan kalma ta isa ta rufe bakin kowa. Suleja kanta ba ta gama warkewa daga bam ɗin ofishin hukumar zaɓe na Afrilun 2011 ba, da na cocin St. Theresa a Madalla ranar Kirsimetin shekarar. Duk wanda aka liƙa wa sunan, ko danginsa tsoron tambaya suke.

Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, a ƙarƙashin Chidi Odinkalu, ta yi bincike. A Afrilun 2014 ta ce babu wata gamsasshiyar hujja da ta nuna mamatan 'yan Boko Haram ne, ta umarci a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, kowane mai rauni miliyan 5. Gwamnati ba ta biya ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauki maganar zuwa Kotun ECOWAS, ita kuma ranar 7 ga Yunin 2016 ta kama Najeriya da laifin take haƙƙin rayuwa, ta yanke diyyar dala 200,000 ga iyalan kowane mamaci da dala 150,000 ga kowane mai rauni. Sai a Afrilun 2018 gwamnati ta fito da naira miliyan 135, wato adadin da hukumar cikin gida ta yanke shekara huɗu baya, wanda bai kama ƙafar abin da kotun yankin ta ce ba.

Za a iya cewa ai ga shi ba a bi hukuncin ba. Gaskiya ne. Amma ni a ganina akwai abin da ya fi kuɗin. Alƙalai daga wasu ƙasashe sun zauna, sun saurari lauyoyin gwamnati, sun auna hujjoji, sun rubuta a takardar da ba za ta goge ba cewa waɗannan bayin Allah an kashe su ne ba bisa haƙƙi ba. Yaron da ya tashi a ƙauye ana nuna shi ana cewa ubansa ɗan ta'adda ne aka harbe a Abuja, yanzu yana da abin da zai nuna. Wanda bai taɓa ɗaukar irin wannan tabo ba ba zai san nauyin sauke shi ba.

A kan titunan Abujar ne kuma aka samu shari'ar Dorothy Njemanze da wasu mata, waɗanda jami'an hukumar kula da muhalli da 'yan sanda suka kama da dare suka ci zarafinsu, suka kira su karuwai don kawai an gan su a waje. A Oktoban 2017 kotun ta ba uku daga cikinsu naira miliyan 6 kowacce.

Baiwar da ta kayar da gwamnati

Shari'ar da ta fitar da sunan kotun a duniya kuwa daga ƙasar Hausa ta fito, a yankin Birnin Ƙonni na Jihar Tawa, tsallaken Illela kaɗan. A 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, kan sefa 240,000, ga wani mai hali da ke da matan aure huɗu. Wahaya ake kiran irinta a can: ba matar aure ba ce, babu sadaki, babu ɗaurin aure, ga aikin gida da na gona, ga kwanan maigida duk lokacin da ya so. Shekara 9 tana cikin wannan hali, ta sha duka, ta haifa masa 'ya'ya.

A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mai da bauta babban laifi. Ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bauta, ta yi ta zagaya ƙauyuka tana faɗakarwa. A watan Agustan 2005 maigidan ya ba Hadijatou takardar 'yanci, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ina, ai matarsa ce. Ta kai ƙara kotun Ƙonni. Kotun farko ta ce babu aure tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura ba, ba a kuma nemi yardarta ba. Kotun sama ta rushe wannan. Ana cikin ja-in-ja ta auri wanda take so, sai tsohon maigidan ya kai ta ƙara cewa ta yi aure kan aure. Aka yanke mata wata 6 a gidan kaso, ta kuma shiga.

Da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila ta kai maganar Kotun ECOWAS. Saboda ba ta da halin zuwa Abuja da shaidunta, alƙalan suka tashi suka je Yamai suka zauna a watan Afrilun 2008. Ta tsaya a gaban manyan ƙasar ta ba da labarinta da bakinta. Ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce Hadijatou ta yi zaman bauta, kuma Nijar ta yi laifi domin alƙalanta sun ga bauta ƙiri-ƙiri a gabansu ba su yi tir da ita ba. Aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin Nijar ta karɓi hukuncin, ta biya.

Ina yawan tuna wannan shari'a idan na ji ana cewa maganar haƙƙin ɗan Adam kayan Turawa ce. Abin da aka yi wa yarinyar nan babu malamin kirki da zai halatta shi. 'Ya ce da aka haifa a ƙasar Musulmi, aka saye ta da kuɗi, aka fake da addini. Kotunan garinsu sun san al'adar, wasu alƙalan ma a cikinta suka girma, shi ya sa idonsu bai ga aibinta ba. Amfanin kotun waje ke nan: wanda ba ya jin nauyin maigidan, ba ya cin abinci a gidansa, ba ya tsoron a yi masa canjin wurin aiki.

Hukunci a takarda

Sai dai kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. In ta yanke hukunci, takarda take aika wa hukumar da kowace ƙasa ta naɗa don zartarwa. A Najeriya ofishin Antoni Janar na Tarayya ne, wato ofishin da lauyoyinsa suka tsaya suka yi jayayya da mai ƙara aka kayar da su. An ba kura ajiyar nama ke nan. Shugabannin kotun da kansu sun sha kokawa cewa hukuncin da ake bi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Kanar Sambo Dasuki mai ritaya, ɗan Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki, ya ga haka. An tuhume shi kan kuɗin makamai na dala biliyan 2.1, kotunan Najeriya suka ba shi beli, jami'an farin kaya suka sake kama shi a ƙarshen Disamban 2015. Ranar 4 ga Oktoban 2016 Kotun ECOWAS ta ce tsarewar haramtacciya ce, a sake shi, a biya shi naira miliyan 15. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi kunnen uwar shegu har 24 ga Disamban 2019. Na san mutane da yawa a Arewa da suka ce Allah Ya ƙara, ɓarawon gwamnati ne. Kotun ba ta ce bai ci kuɗi ba, ba a ma tambaye ta wannan ba. Cewa ta yi a yi masa shari'a bisa doka. Gwamnatin da ta saba take umarnin kotu a kan ɗan sarki, mai manyan lauyoyi da 'yan jarida a bayansa, me zai hana ta a kan ɗan acaɓa?

A Nijar ma haka. Mamadou Tandja, wanda ya yi tazarce sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010, kotun ta ce a sake shi a Nuwamban shekarar, bai fito ba sai Mayun 2011. Mohamed Bazoum, wanda aka hamɓarar ranar 26 ga Yulin 2023, kotun ta ba da umarni ranar 15 ga Disamban 2023 a sake shi a mai da shi kan kujerarsa. Shekara ta zagayo yana nan tsare a fadar shugaban ƙasa. A Najeriya kuma, tun 2010 kotun ta yanke a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar cewa ilimin firamare kyauta haƙƙi ne na kowane yaro wanda za a iya nema a kotu. A leƙa tashar mota a Suleja da hantsi a ƙirga yaran da ke yawo lokacin makaranta. Hukuncin da ta yanke a Yulin 2022 cewa rufe Twitter da gwamnati ta yi ya saɓa doka ya zo ne wata shida bayan an riga an buɗe shi.

Duk da haka gwamnatoci ba sa raina kotun kamar yadda suke nunawa. Da sun raina ta da ba su riƙa turo lauyoyi ba, da ba su rage alƙalanta daga 7 zuwa 5 a 2018 ba alhali ƙararraki na ƙaruwa. A kudancin Afirka, da kotun ƙungiyar SADC ta yanke hukunci a 2008 cewa ƙwace gonakin da gwamnatin Robert Mugabe ta yi ya saɓa doka, shugabannin yankin dakatar da ita suka yi baki ɗaya a 2010.

Arusha, da 'yan'uwanmu na tsallake

Akwai wata kotun sama da wannan a faɗi, Kotun Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya, wadda aka rantsar da alƙalanta na farko a 2006. Ta yi aikin a zo a gani, musamman a shari'ar ɗan jaridar Burkina Faso Norbert Zongo da aka kashe aka ƙone a motarsa a 1998, inda a 2014 ta kama gwamnatin ƙasar da laifin ƙin bin sawun makasan. Najeriya ta amince da kafa kotun tun 2004, amma ba ta sa hannu kan wata takarda ta musamman da ke ba ɗan ƙasa damar shigar da ƙara kai tsaye ba. Don haka mutumin Suleja ba shi da hanyar Arusha sai ta hannun Hukumar Afirka da ke Banjul, wadda shawara kawai take bayarwa. Ita ce ta roƙi gwamnatin Janar Sani Abacha ta dakata da rataye Ken Saro-Wiwa, aka rataye shi ranar 10 ga Nuwamban 1995. Ƙasashen da suka taɓa buɗe ƙofar Arusha ma wasu sun rufe: Ruwanda a 2016, Tanzaniya mai masaukin baƙi a 2019, Benin da Kwaddibuwa a 2020.

Nijar ta sa hannu kan waccan takarda a 2021. Amma ita da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Mutane da yawa a Maraɗi da Damagaram sun yi murna, kuma ba na ganin laifinsu. Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar a 2023 su ya gasa: an rufe iyaka, an yanke wutar lantarki, abinci da magani suka yi tsada, motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na ruɓewa. Da gwamnatin sojan ta kai kukan takunkumin Kotun ECOWAS, kotun ta ce ba ta san da ita a matsayin halastacciyar gwamnati ba. A idon talakan Nijar, kotun da shugabannin da suka ƙaƙaba masa yunwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Amma sakamakon shi ne yarinyar da za a sayar gobe a karkarar Ƙonni ko Madawa ba ta da hanyar da Hadijatou ta bi. Janar-janar ɗin da suka yanke shawarar ficewa ba su suka yi wannan asara ba.

A gida ma kotun ta taɓa wurin da ke da zafi. A Afrilun 2025 ta yanke cewa wasu sassa na dokokin Jihar Kano kan ɓatanci ga addini, har da wanda ya tanadi hukuncin kisa, sun saɓa wa yarjejeniyoyin da Najeriya ta sa wa hannu. Gwamnatin Kano ta ce ba za ta sauya dokarta ba, kuma Musulmi da yawa sun ji hukuncin a matsayin katsalandan cikin addininsu. Wannan damuwa ta gaske ce, bai kamata a share ta ba, kuma alƙalan da ba a taɓa jin muryarsu da Hausa ba su ma suna da aikin yi wajen fahimtar mutanen da suke yanke wa hukunci. Abin da nake tsoro shi ne wanda ke neman hanyar kuɓuta daga diyyar jinin Apo ya fake da wannan fushi ya ce a yi watsi da kotun ɗungurungum. Mutum zai iya ƙin hukunci ɗaya da dukkan zuciyarsa, ya kuma riƙe kotun saboda ranar da za a ɗauke ɗansa da tsakar dare.

Agustan 2024

Irin wannan rana ta zo wa wasu gidaje a Suleja. Ranar 1 ga Agustan 2024, ranar farko ta zanga-zangar tsadar rayuwa, an yi harbi a garin, an rasa rayuka. Amnesty International ta ce aƙalla mutum 24 ne 'yan sanda suka kashe a jihohi shida, har da Neja. Rundunar 'yan sanda ta musanta. Magana biyu ke nan masu karo da juna, kuma wurin warware irin wannan shi ne gaban alƙali. A watan Yulin shekarar, makonni kaɗan kafin nan, Kotun ECOWAS ta kama Najeriya da laifi kan harbin masu zanga-zanga a Lekki a 2020, saboda wasu mata uku da ke wurin sun tsaya kan ƙararsu, sun kawo bidiyo da shaidu.

Mu kuwa abin da muka saba shi ne mu yi wa mamaci sutura kafin la'asar, mu ce mun bar wa Allah. Gaggauta jana'iza addini ne, tawakkali ma haka. Amma neman haƙƙin jini shi ma addini ne, ba ya kuma rage imanin kowa. Kotun tana korar ƙararraki da yawa saboda rashin hujja, domin ba ta aiki da "an ce". Katin asibiti, takardar shaidar mutuwa da ta faɗi abin da ya yi ajalin mutum, hoton raunin kafin a yi wanka, kwanson harsashi in an tsinta, sunayen waɗanda suka gani da ido da lambobin wayarsu, kwanan wata da wurin da abin ya faru: waɗannan su ne shari'ar. Ga wanda ke tsare kuma, kwafin takardar da majistare ya tura shi gidan yari da ita, da ranakun da aka ɗage zama. Tun 2020 kotun na karɓar takardu ta intanet, tana kuma zama ta bidiyo, don haka ko kuɗin motar Abuja ba dole ba ne kullum. Abin da ya rage shi ne lauya, kuma nan ne reshen ƙungiyar lauyoyi na Suleja da ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai da coci-coci za su iya haɗa hannu su ɗauki ko shari'a ɗaya su bi ta har ƙarshe.

Ɗaya gyaran yana hannun 'yan majalisa. Sashe na 12 na tsarin mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. An yi wa Yarjejeniyar Afirka haka tun 1983, shi ya sa lauya ke iya kafa hujja da ita a babbar kotu a Minna. Ba a yi wa yarjejeniyoyin da suka kafa Kotun ECOWAS ba, kuma da wannan giɓi ake fakewa idan mai hukunci a hannu ya je kotun gida neman a tilasta wa gwamnati ta biya. Ƙudiri ne da bai fi 'yan shafuka ba. Mazaɓar Gurara da Suleja da Tafa tana da kujera a Majalisar Wakilai, Neja ta Gabas tana da sanata, kuma masu neman kujerun nan za su zo ƙofar gidajenmu neman ƙuri'a kafin zaɓen 2027. A tambaye su ko za su gabatar da shi.